Surkin Ruwan Gadon Inna

Sana'ata gyaran lagireto. Tun ina saurayi nake zaune a bayan tasha a Gusau, mota ta zo tana tafasa, in kwance, in wanke, in liƙe, ta kama hanya. Abin da na iya ke nan a duniya, korar zafi daga inda ba a son shi. Ban taɓa zaton zan zauna ina neman dabarar tsare zafi kada ya gudu ba, sai shekarar da surukata ta dawo gidana.

Ba da son ranta ta zo ba. Ƙauyensu yana can bayan Bilbis, ta ƙasar Tsafe, zaman wurin kuma ya gagara, ba sai na tsaya bayani ba. Maƙwabtanta sun watse, ita ta ce ba inda za ta. Da ƙyar da roƙo aka sa ta a mota. Ta iso da ƙunshin tufafi guda, da wani tsohon kaskon wuta da ta rungume a cinya tun daga can, da tari mai tayar da hankali. Muka kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya fito da ni waje, ya ce hayaƙin gawayi ne ya cinye ta, in har ta ci gaba da kwana da wuta a ɗaki to mu shirya. Haka ya faɗa, bai yi kwana-kwana ba.

To ita duk rayuwarta a gadon ƙasa take kwana, irin wanda ake ginawa da laka a bar rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi da yamma, gadon ya yi ta ba da ɗumi har gari ya waye. A gidana kuwa katifa ce a kan gadon ƙarfe. Da bazara ba a ji komai ba, da damina ma haka. Ana shiga ɗari sai matata ta fara jiyo ta tana magana ita kaɗai, wai in an gama girbi za ta leƙa ta ga ɗakinta. Mun san wannan leƙen, wanda ba a dawowa ne.

A nan sai na faɗi yadda muke da ita, don duk wahalar daga nan ta taso. Ni ban taɓa taka ɗakinta ba tun da ta shige shi. Da safe in cire takalmi daga nesa, in durƙusa a bayan labule, in gaida ta. Ta amsa daga ciki, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallon fuskata, sunana kuwa ban taɓa jin sa a bakinta ba. Wannan kunya ce ta suruka, kowa ya san ta. Abin da ya ƙara ɗaure mu shi ne matata 'yar fari ce. Uwar ba ta kiran sunanta, ba ta hira da ita, in za ta aike ta sai ta dubi bango ta ce a kawo kaza. Saboda haka mu biyu a gidan, ni da 'yar da ta haifa, ba wanda zai tambaye ta yadda ta kwana ya ji wani abu ban da "Lahiya lau."

Na ce to, ɗumin gado take nema, ba hayaƙi ba. Zafi kuwa ba dole sai wuta ta kai shi ba, ruwa ma yana ɗaukarsa, abin da nake gani kullum ke nan a cikin mota. Sai na lallaɓa matata ta kai Inna, surukar tawa, Bungudu ta yi 'yan kwanaki wurin babbar 'yarmu da ke aure can, ni kuma na shiga ɗakin da magini. Muka tayar da gadon ƙasa kamar na ƙauye, sai dai maimakon rami na shimfiɗa bututun jan ƙarfe yana kai da komowa a cikin lakar, bakinsa biyu suka ɓullo ta bango zuwa tsakar gida. A waje na girke duro, na cika shi da ruwa, na yi masa akwatin katako, na danƙare tsakaninsu da ɓuntun shinkafa da mijin 'yata ya aiko mini daga Bungudu. Na naɗa wani bututun a jikin murhun matata, yadda duk girkin da za ta yi, wutar da ke lasar gefe a banza ta riƙa ɗumama ruwan duron. Sai ɗan famfon mota mai aiki da batir, shi ke tura ruwan zuwa gado ya dawo.

A tasha na sha tsiya. Wani mai faci ya ce, "Malam, an ce ka sa ma surukarka lagireto. In ta tafasa hwa, ina za a zuba mata ruwa?" Aka bushe da dariya. Na ce ya ji da tayoyinsa. Amma a raina ina jin kaina, don da yamma in na sa hannu a saman duron nan sai na janye da sauri. Zafi kam ya taru.

Inna ta dawo ta tarar da gado. Washegari na durƙusa a bayan labule kamar ranar da na zo neman aure.

"Inna, kun kwana lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya sanyi?"

"Lokacinshi ne."

"Gadon hwa, Inna?"

"Allah shi yi albarka."

Na tashi ina murna, na tafi tasha na ce wa mai faci ya zo ya ga aiki. Haka muka yi ta yi kowace safiya, tana lahiya lau ina washe baki. Tarin dai bai ragu ba, har ma kamar ƙaruwa yake, amma na ce ciwo ne da ya daɗe, ba zai tafi rana ɗaya ba.

'Yata ce ta fasa ƙwan. Ta zo wuni daga Bungudu, ta faɗa ɗakin kakarta ba sallamar kirki. Tsakanin jika da kaka ba kunya, sai tsokana. Ina zaune a tsakar gida ina jiyo su.

"Ke tsohuwa, an gina miki gadon sarauta, mi ya sa tabarma a ƙasa?"

"Gadon sarauta! Tandar waina dai. Ubanki so shike shi soya ni shi kai tasha."

Suka yi dariya su biyu. Da 'yar ta fito ta ja ni gefe, dariyar ta ɓace daga fuskarta. Ta ce, "Baba, tun da aka yi gadon nan ba ta kwana a kai ba. Da isha'i ba ya taɓuwa don zafi, sai ta sauka tabarma. Kafin asuba kuma ya huce ya koma kamar dutse. Shi ne take hura gawayi a kaskonta, na gan shi a bayan ƙofa, tokar da ɗuminta." Ta ƙara da cewa ƙunshin tufafin nan an sake ɗaure shi, kuma Inna ta ba ta saƙo wurin wani direba ɗan garinsu, ya biyo ya ɗauke ta ranar kasuwar Tsafe.

Kai, ranar na ji haushi. Na ji haushin kaina, na ji haushin tsohuwar, na ji haushin labulen nan har na so in fizge shi. Mutum yana ƙonewa yana daskarewa a cikin gidana, yana shaƙar abin da aka ce zai kashe shi, kuma in na tambaya a sa mini albarka! Direban na san shi, mota ɗaya ba ta fita tashar nan ban san mai ita ba. Kalma ɗaya zan yi masa ya ce motarsa ta lalace. Na yi niyyar haka har na kama hanya, sai na juyo. In na tare mota na tsare ta ke nan kamar akuya a turke, kuma gawayin ba za ta daina ba. Abin da nake so shi ne ta zauna don zaman ya yi mata.

Laifin aikin ban daɗe ban gane shi ba. Ina kwasar ruwa mafi zafi daga saman duro ina danna shi cikin gado gaba ɗaya, famfon kuma yana maido shi da ƙarfi yana dama duron kamar kunu. Zafin da murhu ya wuni yana tarawa, a farkon dare ake zubar da shi. Wannan mai sauƙi ne, a rage. Amma a rage zuwa ina? Wani daren sanyi kaɗan ne, wani daren har haƙora ke kaɗawa, kuma a dare guda ma na isha'i daban da na asuba. Wadda ke kan gadon ita ta san abin da ya dace, ita kuma ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. 'Yata ba za ta bar gidan mijinta ta zo ta riƙa yi mini tafinta ba.

Washegari da safe ina zaune jikin duron na zabga tagumi, matata ta sauke tukunyar ruwan wankan Inna. Na sha ganin ta tana wannan aikin, ban taɓa kula ba. Kafin ta surka, sai ta fito tsakiyar fili inda ba rufi, ta zame mayafi daga damtsenta, ta ɗan tsaya, sannan ta koma ta ɗebi ruwan randa ta zuba a bokiti. Kaɗan ta zuba ranar, ta ɗauka za ta wuce.

Na ce, "Tsaya. Ya aka yi kika san zahin da take so, alhali ba ta gaya miki?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake tauna tuwo. Ta ce, "Ni ina na ga bakin tambayarta? Garin nike tambaya. In ya yi sanyi in rage surki, in ya sake in ƙara. Ka matsa mini, ruwa na hucewa."

Na matsa. Ta wuce, ni kuwa na zauna baki buɗe. Ashe tun tana yarinya haka take yi da uwar, ba ta leƙa ɗaki ba ta tambaya, iskar waje take ji ta auna. Ni ma abin da ya rage mini ke nan. Ɗakin ya fi ƙarfina, amma tsakar gida tawa ce.

Ranar ban buɗe rumfa ba. Abu na farko, na yi wa ruwan surki. A bakin bango na haɗa bututun da ke fitowa daga gado da wanda ke shiga, yadda ruwan da ya zaga ya ɗan huce zai sake komawa ciki, ana ɗiga masa mai zafi daga saman duro kaɗan-kaɗan ta wani ɗan makunni irin na hitar mota. Abin da ya rage ya koma duro ta can ƙasa, a hankali, ba damu. Ruwan zafi dama sama yake so, na sanyi ƙasa, in ba a tsokane su ba kowa zai zauna inda yake. Ta haka saman duron zai kwana da zafinsa, ana tsakura ana tsakura har safe.

Abu na biyu shi ne wanda zai tsaya a fili ya ji garin, ya murɗa makunnin. Ni ba zan kwana a tsaye ba. Sai na tuna da wata 'yar naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke cikin kafireton tsofaffin motoci, wadda in sanyi ya taɓa ta sai ta naɗe, in ɗumi ya taɓa ta sai ta saki. Mu a nan cire ta muke yi mu jefar, wai ta ƙasar Turawa ce, mu mi ya haɗa mu da sanyi. Na bi rumfunan makanikai ina tonon gwangwanayen tarkace, suna tambayata ko na koma jari bola. Guda ɗaya ba ta da ƙarfin juya makunnin, sai da na jera da dama a sanda ɗaya suka haɗa ƙarfi, na kuma sassauta makunnin na shafe shi da mai. Na kafa su a kan katanga inda iska ke bugawa, nesa da murhu, na kifa musu gwangwani mai huji don raɓa, na ja wayar birkin keke daga nan zuwa makunnin.

Saitin ne ya ba ni wuya, kuma a nan matata ta shigo. Da magariba in kira ta, ta zame mayafi ta ji garin, ta zo ta kama bututun da ke shiga ɗaki ta ce, "Ya yi yawa." In sassauta waya. Da asuba in na dawo masallaci ta sake kamawa ta ce, "Wanga ko jariri ba ya isa." In ɗaure. Har muka yi cacar baki, na ce hannunta ba ma'auni ba ne, ta ce to in shiga in tambayi mai gadon. Nan ta gama da ni. A hankali muka kai inda da magariba makunnin yake kusan rufe, ruwan ɗumi-ɗumi, sanyi na ƙaruwa wayar na ja, kafin asuba ya buɗe sosai. Wata asuba na sa hannu a saman duro na ji shi da sauran zafi mai kyau, na kama bututun da ke fitowa daga ɗaki na ji shi kamar jikin mutum mai lafiya. Na so in yi ihu, na tuna inda nake.

Duk da haka ban san komai ba. Bututu ya yi daidai a hannunmu, amma ko ta hau gadon? Wanda gado ya taɓa gasawa ba lalle ya sake yarda da shi ba. Da safe amsar ba ta canza ba, lahiya lau, lokacinshi ne. Matata in ta kai abinci tana satar kallo, ta ce tabarmar tana nan a shimfiɗe, ƙunshin yana nan a ɗaure, bayan ƙofa kuma ba ta isa ta leƙa ba. Ni dai kamar tarin ya ɗan lafa a kunnena, sai dai ban yarda da kunnena ba, ya taɓa yaudarata. Abinci ma ba ya shiga mini sosai a kwanakin nan. Tsoro nake ji, tsoron in sa tsohuwar nan a mota da hannuna ta koma inda muka ɗauko ta, in dawo in dubi 'yarta.

Ranar kasuwar Tsafe ta zo. Rana ba ta gama fitowa ba na ji hon a ƙofar gida. Matata tana bakin murhu, ta saki muciya ta dube ni. Na cire takalmi na nufi ɗakin Inna.

Kafin in kai labule na yi tuntuɓe da wani abu. Kaskon wutar ne, an fito da shi waje. An wanke shi tas, an cika shi da ruwa, kajin gidan sun kewaye shi suna sha suna ɗaga kai. Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin kasko ba. Hon ya sake tashi, na durƙusa.

"Inna, kun kwana lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ga mai mota ya zo."

Ina jin motsinta, kuma motsin daga sama yake fitowa, daga kan gado, ba daga tabarma ba. Can ta yi gyaran murya, ta yi magana kamar yadda ta saba, da bango.

"A ce mai shi tahi. Ban gama barci ba."

Na ce to. Na yunƙura zan tashi, sai ta ƙara wata maganar, a hankali har sai da na kasa kunne.

"Surkin ya yi."

A bakin mutanenmu, surkin ruwa da surukin gida kusan abu ɗaya ne, musamman a bakin tsohuwar da haƙoranta suka zube, kuma ta bayan labule. Har yau ban san wanne ta ce ba. Na tambayi matata, don tana tsaye a bayana ta ji, ta ce ruwa ake nufi, kada kaina ya kumbura. Amma tana faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Na fita na sallami direba, ya ce ko lafiya ya ga ina dariya ni kaɗai, na ce ya yi ta kansa kada kasuwa ta watse. Na dawo na zauna a kan buhun ɓuntu, na jingina da akwatin duron, sai a lokacin na ji yunwa ta taso mini gaba ɗaya. Na ce a kawo mini ɗumamen tuwo, a cika kwano. Ina ci ina jiyo minsharinta ta bayan labule, rana ta fito har ta hau katanga, ba wanda ya tashe ta.